Yadda Muka Yi Farautar Ɓeran Kaka

Kakanmu makaniken jirgin sama ne. Ya daɗe yana aiki a filin jirgi na Kano zamanin Nigeria Airways, kamfanin da ya daina tashi a 2003. Yanzu idonsa ya yi rauni, ko kanun jarida ba ya gani, don haka mu biyu, jikokinsa 'yan aji biyar, mu ne masu yi masa karatu bayan la'asar.

Hutun da ya wuce sai ya ɗora mana aiki. Wai akwai wani rubutun ban dariya da ya karanta a wata mujallar Turanci, yana so ya sake jinsa kafin ya manta sauran. Muka tambayi sunan mujallar, ya ce ya shige masa. Shekara fa? "Lokacin dai ba a aurar da uwarku ba."

Ga abin da ya riƙe. Kowane jirgi yana da littafin da matuƙi yake rubuta matsalar da ya lura da ita, makanikai su gyara, su rubuta abin da suka yi, su sa hannu. Rubutun ya tattaro amsoshin shaƙiyanci ne da aka ce makanikai sun bayar. Matuƙi ya rubuta cewa wani abu ya kwance a ɗakin tuƙi, aka amsa masa cewa an ɗaure wani abu a ɗakin tuƙi. Wani ya ce akwai ɓera a jirgi, aka ce an saka kyanwa. Wannan na ɓeran shi Kaka ya fi so, ba ya kai ƙarshensa sai dariya ta sarƙe shi.

Adakarsa muka fara buɗewa, muka tarar gara ta riga mu. Da yake ya ce mujallar ƙarama ce, tana shiga aljihun riga, sai muka zargi Reader's Digest, wadda aka fara bugawa a Amurka a 1922, tana kuma da shafukan barkwanci. Kwana uku muna tsugune a gaban wani mai tsofaffin littattafai a Sabon Gari, muna buɗe shafi muna atishawa. Ba mu samu ba.

Daga nan muka ari wayar yayanmu. Cikin minti biyu sai ga jerin gaba ɗaya, har da ɓeran, an rubuta cewa daga kamfanin Qantas na Ostireliya ya fito. Har mun fara jin haushin ƙurar da muka sha. Muka zauna muna karanta wa Kaka yana ƙyaƙyatawa, sai muka zo kan wani ƙorafi game da na'urar da ke hango abin da za a harba.

"Ku dakata," in ji shi. "Jirgin fasinja wa zai harba? Wannan kayan soja ne."

Muka koma muka duba da kyau. Ashe jerin nan yana yawo da sunaye daban-daban: nan a ce Qantas, can a ce UPS, wani wurin a ce sojojin saman Amurka. Mu da muke gani mun haɗiye na farko, wanda ba ya gani ne ya kama shi. Kuma ya ƙi yarda an gama. Takardarsa yake so.

A ƙarshe ya tuna da wani abokin aikinsa a Fagge, mai ajiye komai. Muka je muka gaishe shi. Ya ce, "Jikokin wane ne? Shi har yanzu yana nan da rigimarsa?" Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da wani tsohon littafin rubutu. A ciki an manna yankakken shafi, ya yi ja don tsufa, babu sunan mujalla, babu kwanan wata. Muka ce, "Baba, a ba mu aro?" Ya ce sai dai mu kwafa a gabansa, amma da ya ji halin idon Kaka sai ya miƙo mana littafin.

Da yamma muka karanta wa Kaka tun daga sama har ƙasa. Na abin da ya kwance yana nan. Na ɓera babu.

Muka ce, "Kaka, anya ba a wani wuri ka ji shi ba?"

Ya karɓi littafin yana shafa shafin da yatsa, har ya kai gefen ƙasa inda wani abu ya gwaguye takardar. Ya ce, "To ga shi nan. Ɓeran ne ya cinye wurin da aka ambace shi."