Kwaɗon Burodin Jiya

A makarantar da nake koyarwa, kullum bayan tara sai an share gutsattsarin burodi an zuba a bola. Abin yana damuna, domin na san gumin da iyaye suke yi kafin su sayo shi.

Manoman Tuskani ta ƙasar Italiya ba sa zubar da burodi. Idan ya bushe a lokacin zafi, sai su jiƙa shi da ruwa, su matse, su marmasa, su yanka nunannen tumatir da albasa, su sa gishiri, man zaitun da ruwan khal. Sunansa fanzanela. Da can da albasa ake yinsa, domin tumatir bai iso Turai daga nahiyar Amurka ba sai ƙarni na 16.

Ni da man gyaɗa da lemon tsami nake haɗa nawa, in tsinka ɗoɗɗoya a kai. A rufe shi minti 30, burodin ya sha ruwan tumatir. Sabon burodi ba ya yi, caɓewa yake.

'Yan'uwa, wanda ya tashi da ɗumamen tuwo ai ya san darajar abincin jiya. Kada wannan tarbiyya ta tsaya a kanmu.