Abin da Ke Bayan Katin

 

A ƙasar Jamus akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara katunan karta. Kamfanonin giya na can sukan ɗauko zanen karta na zamanin da, su sake buga shi, su sa sunansu a bayan kowane kati, su raba don talla. Masu tarawa kuwa sai su adana, wani ma bai taɓa wasa da su ba. A garin Altenburg, mahaifar wasan Skat mai kati 32, har gidan tarihin karta aka buɗe a 1923.

Tarihin kansa bai dame ni ba, yana ma burge ni. Daga Misra ta zamanin Mamalik karta ta shiga Turai wajen 1370. Wadda aka adana a fadar Topkapi ta Istanbul ba ta da surar mutum, sai ado da rubutun Larabci: malik, na'ib. Mai nazarin wannan, ban ga abin zargi gare shi ba.

Bayan katin ne damuwata. Allah Maɗaukaki Ya ambaci giya da caca a jere cikin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ga shi ɗan kasuwa ya haɗa su a takarda guda. Ya san abin da hannu ya saba riƙewa, zuciya kan daina ƙyamarsa.

Ya ɗan'uwa, kada ka ce Jamus da nisa. A Janairun 2000 shari'a ta fara aiki a Zamfara zamanin Gwamna Ahmad Sani, haifaffen Anka, aka haramta giya da caca. To amma ka leƙa wurin masu gwanjo a Gummi ko Bukkuyum. Na sha ganin yaro ya shigo Islamiyya da tsohuwar rigar Liverpool, a ƙirjinta an rubuta Carlsberg, kamfanin giya na Denmark da sunansa ya zauna a rigar daga 1992 zuwa 2010. Mahaifinsa, mutumin kirki, bai san abin da ya saya ba. Rigunan wasu ƙungiyoyin ƙwallo da suka biyo baya kuwa, da yawansu sunan kamfanonin cacar waya suke ɗauke da shi.

Bajamushe mai tarawa aƙalla ya san abin da ke cikin akwatinsa. Ni dai ba na korar yaron daga aji. Nakan aika a kira uban, in karanta masa rubutun, in faɗa masa ma'anarsa.