Yadda Duna Ya Halarci Bikin Yayata

Na san waɗansu daga cikin masu karanta wannan mujalla za su yi dariya in sun ji an ce kare ya sami wuri a bikin aure. A wurinmu kare na tsaron gida ne da farauta, in an gama cin tuwo a jefa masa ƙashi, shi ke nan. Amma ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai su yi haƙuri su ji labarin, sa'an nan su yanke hukunci.

Abin ba sabo ba ne a ƙasar Turai. A shekarar 1434 wani mai zane na ƙasar da a ke kira Beljiyam yanzu, Jan van Eyck, ya zana wani attajiri mutumin Italiya tare da matarsa, suna riƙe da hannun juna, ga ɗan ƙaramin kare tsaye a gabansu. Hoton yana Landan tun 1842. Masana da yawa sun ce karen nan alamar riƙon amana ne. Haka kuma sa'ad da Yarima Albat ya bar Jamus ya auri Sarauniya Biktoriya a 1840, ya zo Ingila da karyarsa mai suna Eos. A 1841 Sarauniya ta sa Edwin Landseer ya zana karyar, ta ba mijinta kyauta.

Malamin da ke koya mana zane shi ya nuna mana hotunan nan biyu, ni kuwa sai hankalina ya koma gida. Yayata tana da wani baƙin kare, Duna. Ta tsince shi yana ɗan kwikwiyo a bakin rafi, ta rene shi da kunu. Shekara bakwai yana raka ta gona da rijiya. Kunnensa na hagu a yage ya ke, tun ranar da ya yi faɗa da birai a gonar masararmu.

Da aka sa ranar aurenta a Disamba 2023, sai magana ta taso. Ango yana haya ne a Jos, ɗaki biyu, mai gidan kuwa ba ya yarda da kare. Kawunmu ya ce tun da ya ke ana neman kuɗin hidima, a kai Duna kasuwar Dawaki a sayar. Duk wanda ya san ƙasar Filato ya san karen da ya shiga kasuwar nan ba tsaron gida za shi ba. Yayata ba ta ce kome ba, gama amarya ba ta jayayya da manya, amma kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba.

Ni ma ba ni da bakin musu da kawu. Abin da na ke da shi fensir ne da gawayi da farin kwali. Na ce, “Kawu, ku ba ni mako ɗaya in zana shi tukuna.” Ya ce, “Kai yaro, aikin makaranta ne? To, je ka yi.”

Zanen kare ba wasa ba ne, domin ba ya zama wuri ɗaya. Sai da tsakar rana, sa'ad da ya kwanta a inuwar rumbu, na ke samunsa. Na fara da idanu, gama in ido bai fito daidai ba, kowane kare ka zana, ba naka ba. Baƙin gashi kuma in ka cika shi da gawayi sai ya zama dunƙule, dole ka bar farin takarda inda haske ya ke sauka a goshi da kafaɗa. Yagaggen kunnen na bar shi yadda ya ke. Na yi huɗu na yar, na biyar ya yi. Kafinta ya yi masa firam, ya sa gilashi.

Ran biki, bayan an fito daga coci, na ajiye hoton a teburin ango da amarya. Tsofaffin mata su ne suka fara gane shi. Wata ta ce, “Ashe Duna ne! Ga kunnen ma.” Nan aka shiga ba da labarinsa, wannan ta tuna daren da ya kori ɓarayin awaki, wancan ya tuna maciji da ya kashe a bakin ɗakin kaka. Kawu yana zaune yana ji. Da yamma ya kira ni gefe ya ce, “Dabbar da jama'a suka shaida haka, ba a kai ta kasuwa.”

Yanzu Duna yana gida wurin mahaifiyarmu, hoton kuwa yana rataye a ɗakin yayata a Jos.

Gani ya kori ji, in ji Hausawa. Kowa ya san abin da karen nan ya yi, amma sai da aka gan shi cikin gilashi aka tuna. Saboda haka, 'yan'uwa, in mun fita koyarwa kada mu mai da darasin zane lokacin hutu. Mu sa yara su zana akuyarsu ko kyanwarsu, su dube ta sosai. Yaron da ya yi mako yana duban idon dabba, da wuya ya jefe ta da dutse.