Abincin Matafiyi a Kubwa, da Danginsa na Ƙasar Indiya

Matafiyin da ya baro Kaduna da hantsi a mota, in ya wuce Dutsen Zuma da Zuba da Dei-Dei, ba ya isa Kubwa sai yunwa ta fara yi masa sallama. Wanda ya biyo jirgin ƙasa kuwa, watau wanda aka buɗe a 2016, a tashar Kubwa zai iya sauka kafin jirgin ya zarce Idu. To, ko ta wace hanya ya zo, abin da zai fara nema shi ne inda zai sa wani abu a bakinsa ba tare da ya yi da-na-sani ba.

Kubwa dai asalinta ƙauyen Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Da aka tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka kuma dawo da gwamnati daga Ikko a Disamba 1991, sai ma'aikatan da kuɗin haya ya kora daga tsakiyar Abuja suka yi ta kwararowa nan. Kowa kuwa da tukunyar garinsu ya zo. Shi ya sa a layi guda za a tarar da Bayarabiya tana tuƙa amala da miyar lalo da ta wake, maƙwabciyarta Ibo tana sayar da akpu da miyar shuwaka, can gaba ga mutanen Binuwai da sakwararsu, ga na Filato da gwaten acca. Ga kuma sansanin masu yi wa ƙasa hidima, wanda ke zubo baƙi daga kowace jiha.

A ƙasar Indiya sai mutum ya kwana biyu cikin jirgi kafin ya ga irin wannan bambanci. Tun da aka fara jirgin fasinja a can a 1853, tsakanin Bombay da Thane, matafiyi kan gane inda ya iso ta abin da ake talla a tasha. Arewa ƙasar alkama ce, sai gurasa da miyar wake. Bengal ta kifi da shinkafa ce. Haidarabad ta yi suna da dafa-dukan nan da ake kira biryani, mutanen kudu kuwa suka fi son gahawa da ƙullun shinkafa. Shayi, wanda su ke ce wa chai, yana bin jirgi ko'ina, a wasu tashoshin ma cikin ɗan ƙoƙon yumɓu ake ba da shi, in an shanye a yar.

Abin mamaki shi ne, Ba'indiyen kudu da zai zauna gaban mai masa a Kubwa da sassafe ba zai ji baƙunci ba. A jihar Tamil Nadu suna jiƙa shinkafa, su niƙa, su bar ƙullun ya kwana ya tashi, sa'an nan su soya a kasko mai gurabu, tamkar dai tandar matan Bauchi. Sunansa paniyaram, bambancinsa da masa kawai wani baƙin wake da su ke haɗawa a ƙullun. Dosa ɗinsu kuwa ɗan'uwan sinasir ne, sai dai ya fi shi faɗi da sirantaka. Mutanen Andhra suna ji da yakuwa ƙwarai, gongura su ke ce mata, alhali kuwa ita ce uwar zoɓon da ake sayarwa cikin gora a bakin tasha. Tsamiya ba ta rabuwa da miyarsu. Zogale ma asalinsa daga can ne, sai dai su 'ya'yan su ke jefawa a miya, nan kuwa ganyen aka fi sani da kwaɗo. Lassi na Panjab kindirmo ne da aka dama da ruwa. 

Amma fa yawan abinci ba shi ne kwanciyar hankalin baƙo ba. Musulmin da ya shiga rumfar farfesu da dare, wajibi ne ya tambayi naman mene ne kafin a zuba, domin ba kowace tukunya ce aka ɗora dominsa ba, kuma masu sayarwa ba su jin haushin tambaya. Tsire da balangu ba su da wannan damuwa sosai, tun da mahauta yawancinsu 'yan Arewa ne, ga kuma karar Dei-Dei kusa. Ruwa ne abin lura. Madatsar Usuma mai shayar da Abuja ba ta da nisa, duk da haka akwai unguwannin gefe da har yanzu 'yan ga-ruwa ke tura kura. Kunun aya da ya wuni a rana ba na mai sauran tafiya a gaba ba ne.

Abu ɗaya da baƙo zai sha wuyar samu a kan allon gidan abinci shi ne girkin masu garin. Doyar da Gbagyi suka noma tana cikin turmin kowa, matansu na ɗauke da ita a kafaɗa zuwa kasuwa kamar yadda suka gada, amma tuwon dawarsu da miyarsu ta daddawa sai wanda aka gayyata cikin gida.

Mai shayi shi ne na farkon buɗewa. Tun kafin a idar da sallar asuba ya hura wuta, domin ma'aikata kan yi sammako su tsere wa cunkoson hanyar shiga birni. Matafiyin da ya kwana a Kubwa zai same shi a bakin titi, ga burodi jere, ga ƙwai, yana ɗaga kofi sama yana tsiyaya a wani don shayin ya huce, daidai yadda takwaransa ke yi a tashar Madras, wadda tun 1996 ake kira Chennai.