Zuwa Kura da igiyar guga

Kawu ne ya aiko a kira ni. Lambu yake son kafawa a bayan gidansa, a wani ƙauye gaba da Kura, da tiyo mai ɗiga ruwa a gindin shuka. Har ya gama cinikin kayan. Na ce ya dakata da biya tukuna, sai mun ji ta bakin rijiya.

A Unguwa Uku na hau mota da sassafe, cikin zafin Afrilu. Da muka haye gadar Tamburawa muka doshi Kura, sai ƙasa ta sauya launi: shinkafa kore shar, ragowar tumatir, magudanan ruwa cike da abin da madatsar Tiga ke sakowa tun da aka kammala ta a 1974. Ganin wannan ne ke ruɗar mutum ya ɗauka ko'ina a yankin ruwa a banza yake. Gidan Kawu kuwa a kan tudu yake, babu magudanar da ta kai can. Ɗan acaɓa ne ya ƙarasa da ni.

"Ɗan nan, rijiyar nan ba ta taɓa ƙafewa ba," in ji shi, tun ban gama shan fura ba.

"Haka ne Kawu, amma guga kawai ta sani, ba ta san inji ba."

Muka tayar da injin jan ruwa. Bokiti mai lita 20 ya cika a daƙiƙa 40, wato lita 30 a minti guda. Kawu ya yi murmushi. Ba a yi rabin sa'a ba tiyon ya fara tari yana feso laka. Muka kashe, muka ɗaura dutse a igiyar guga, muka zura har ya taɓa ruwa, muka ƙulla alama. Bayan sa'a uku muka sake zurawa: ruwan ya hau kamu ɗaya, kimanin rabin mita. Rijiya mai faɗin mita guda tana ɗaukar lita 785 a kowace mita ta zurfi, ke nan abin da ya dawo bai kai lita 400 ba. Bokiti ƙarfin inji ya gwada. Igiya ce ta gwada idon rijiya. Kuma a bazara ake wannan awo, don wanda ya auna a Oktoba, bayan damina, kansa ya yaudara.

Filin lambun mita 10 ne a 20. A irin wannan zafi kayan lambu na shan wajen lita 7 a kowane murabba'in mita kullum, lita 1,400 ke nan, ban da girki, wanki da tumakin Inna, wadda ta leƙo ta zaure ta tuna mana da su.

Kawu ya daɗe shiru yana jan carbi. Daga bisani ya yarda a raba filin biyu, a fara da alayyafo, salak da albasa, a sa tanki mai lita 1,000 a riƙa cika shi kaɗan-kaɗan safe da yamma. Sauran rabin sai an yashe rijiyar an ƙara mata gaba biyu, sannan a sake zura igiya.