Gam a Jikin Wili: Aikin da Ba Ya Son Reza

A Muhandisin, motoci sun fi wurin ajiye su yawa. Unguwar da aka yanka wa injiniyoyi a kan gonakin Giza yanzu benaye ce reras, kuma a ƙarƙashin da yawansu akwai garejin ajiye mota da wanke ta. A irin wannan gareji, bayan titin Shihab, nake aiki duk dogon hutu don in haɗa kuɗin haya. Cikin ayyukan wurin, wanda na fi taka-tsantsan da shi shi ne cire tsohon gam daga jikin wili.

Ga yadda gam ɗin ke zuwa. Idan aka sauya taya, sai a ɗora wilin a inji a yi masa balansin, abin da Misirawa ke kira tarsis, daga rasas, wato dalma. Wilin ƙarfe a baki ake maƙala masa dalmar da guduma. Na alminiyam kuwa ta ciki ake manna masa 'yan ƙarafa masu giram 5 ko 10, da gam mai soso a bayansu. Tarayyar Turai ta hana dalma a wannan aiki tun 2005, amma a nan sunan bai canja ba. Ranar da aka sake balansin, mai faci zai ɓamɓare tsofaffin ya manna sababbi a wani gefe. Sosan sai ya zauna, ya sha ƙurar Alƙahira da baƙin garin birki, ya bushe kamar ƙanzo.

Abin tsoron shi ne, ƙyallin da ke jikin wili siririn banish ne a kan fenti. Da zarar an karce shi, ruwa ya samu hanya, sai ka ga farin tabo yana rarrafe ta ƙarƙashi. Kuɗin sake fentin ya fi abin da nake samu a mako. Kuma baƙo ba shi da kawun da zai zo ya ba mai mota haƙuri.

Usta, dattijon da ke riƙe da garejin, ɗan Mit Uƙba ne, tsohon ƙauyen da Muhandisin ta yi wa zobe. Ranar farko ya ce da ni, "Ɗana, reza ta aski ce, tina ta mai fenti ce. Kada in ga ko ɗaya kusa da wili."

Tsarinsa ba shi da wuya. A bar wilin ya huce idan motar ta sha tafiya. A wanke shi da sabulu, domin yashin da ya maƙale shi ke fara yin karce. A hura wa gam ɗin na'urar busar da gashi har ya yi laushi, a ture sosan da tsohon katin roba. Abin da ya rage a jiƙa tsumma da kananzir ko WD-40, a ɗora a kai minti biyar, sannan a murza da yatsa. Idan ya ƙi, a sake jiƙawa, ba a ƙara ƙarfi. Daga ƙarshe a sake wankewa da sabulu don maiƙon ya fita. Kada man ya taɓa faifan birki ko robar taya. Kada kuma a cire ƙarfen da ke kan aiki, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa a kan babbar hanya.

Na taɓa tambayarsa, "Usta, ai fetur ya fi sauri?" Sai ya nuna mini rufin garejin da ba shi da taga ko ɗaya, ya ci gaba da aikinsa.

Wili huɗu kan ci mini awa guda, a wurin da mai mota ba zai gani ba sai ya durƙusa. Wasu suna durƙusawar, kuma su ne ke dawowa su ce a kira musu ɗan Nijeriyar nan.

'Yan'uwa da ke Turai da Amurka, ku kun fi mu buƙatar kiyayewa, saboda gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara yana saurin cin alminiyam ta inda aka karce. Idan za a yi muku balansin, ku roƙi mai aikin ya goge tsohon gam tun wilin yana ƙasa. Duk man da za a shafa kuma, a fara gwada shi ta ciki, inda ido ba ya kaiwa.