Gyaran Tsohuwar Mota, daga Bunguɗu zuwa Tsafe

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta a kan gyaran tsohuwar mota a gida. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, ko mota 'yar Kwatano ta fi ƙarfin mai albashi. Saboda haka da yawa cikinmu sun koma sayen tsofaffi suna ta da su, amma na ga galibi da fenti da rediyo su ke farawa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Tawa motar Peugeot 504 ce, wadda mu ke kira Fijo. Kada yara su raina ta, gama tana da asali wajen tsere. A Faransa aka fara ƙera irinta a 1968. A 1975 wani Bature mutumin Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na ƙasar Kenya da ita, a 1978 kuma ƙanwarta mai ƙofa 2 ta sake ci. A 1975 ɗin aka buɗe ma'aikatar haɗa Fijo a Kaduna, shi ya sa da wuya ka sami tsohon makanike a Arewa wanda bai san cikinta ba.

A Bunguɗu na same ta, bisa hanyar Sakkwato, ba nisa daga Gusau. Wani dattijo ya jingine ta gindin darbejiya, tayoyi sun sace, kaji suna kwana ciki. Da muka yi ciniki ya ce, "Ɗana, in za ka sai da ita ga 'yan gwangwan, bar mini abata." Na ce, "Baba, ta da ita zan yi." Sa'an nan ya sallama da araha. Muka ɗaura mata igiya, aka jawo ta har ƙofar gidana.

Wata 7 na yi ina aikin, da yamma in na taso daga ofis, da kuma ranakun Asabar. Wani tsohon makanike maƙwabcina ya kan zauna bisa benci yana nuna mini. Da birki muka fara, muka sake robobinsa da mansa, gama man birki in ya daɗe ya kan sha raɓa, ya tafasa in ya ji zafi, ka taka ka ji wayam. Daga nan muka wanke lagireto, muka sake fanbel, don zafin bazara ba ya yafe wa injin da ruwa ba ya kewaya shi. Sa'an nan tankin mai da kafireta, waɗanda tsatsa da dauɗa suka toshe, sai filogi 4, da baƙin mai, da batir. Kayan da na rasa a Gusau, a kasuwar Panteka ta Kaduna aka samo mini. Amfanin irin wannan mota shi ne ba kwamfuta cikinta, da sifana da haƙuri ka ke gane ciwonta.

Da ta tashi na nufi Tsafe don gwaji, da hantsi, jikinta duk tabon walda. Na wuce Kwatarkwashi, dutsenta ya tokare sama a gefen hanya, gonakin dawa dama da hagu. Kowa ya san wannan hanya ta sha fama da 'yan bindiga shekarun nan, har matafiya ba su son faɗuwar rana ta same su bisanta. To, jama'a, a nan motar da ta mutu cikin daji ba abin kunya kaɗai ba ce, rai ne a hannun Allah. Fenti ba ya fid da kai, sai birki da lagireto. Na isa Tsafe lafiya, na buɗe inji a tasha, ruwa bai ragu ba, mai bai ɗiga ba. Kafin la'asar ina gida.

Shawarata ga wanda zai sayi tsohuwa ita ce, ya fara kashe kuɗinsa a kan abin da ido ba ya gani, ya gwada ta cikin gari kafin ya hau babbar hanya, kada kuma ya ɗauki iyali sai ya amince da ita. Ado ya jira albashin gaba. Ya kuma girmama tsofaffin makanikai, ya rubuta abin da suka koya masa, gama ilminsu cikin kai ya ke, ba cikin littafi ba.

Allah ya kiyaye hanya, amin. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Gusau.